Ƙafar Salissou Mai Ruwa

SHAFI NA 23

Assalamu alaikum. Masu damuna da saƙo tun jiya wai na cika jan rai, ku sani ni ma ina da sana'a, ina da iyali, ba a kan waya nake kwana ba. Ga shafinku. Wanda ya zo neman soyayya ya ƙara gaba, nan maganar ƙafar bawan Allah ake yi.

* * *

Yau kwana goma sha shida ke nan takardar likita tana cikin hular Baba Sunusi.

Ninki huɗu ya yi mata, ya tura ta can ƙuryar hular, ya kifa a ka. Da ita yake zama a kan keken ɗinkinsa, da ita yake shiga sahu. In ya zo shafar kai a wurin alwala, da hannu biyu yake cire hular, ya waiga dama ya waiga hagu. Ba wanda ya lura. Wa zai tsaya kallon hular dattijo?

Ranar Asabar ce, ranar aikin Ƙungiyar Rakiya ta Agege. Tun ƙarfe bakwai aka kafa rumfar tamfol a gefen layin dogo, aka jera benci uku da tebur ɗaya. Ruwan Legas ya fara sauka, don haka mazan ƙungiya suka shiga kwata da shebur da manjagara, sanye da korayen rigunansu marasa hannu, suna fito da leda da robar lemo da takalmi wari ɗaya suna tarawa a bakin hanya. Can gefe mata biyu na rubuta sunan masu ba da jini saboda masu haihuwa. A bakin tebur kuwa Sista Jinƙai ce, 'yar Kagoro, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Dopemu. Duk Asabar ɗin da ba ta da aiki nan take zuwa ta wanke wa mutane miki kyauta.

Shi Baba Sunusi ba ya shiga kwata, gwiwa ta hana. Aikinsa rakiya, kuma daga ita ƙungiyar ta samo sunanta. In baƙo ya zo daga Arewa ko daga Nijar ya kwanta ciwo, ba Turanci ba Yarbanci, Baba Sunusi ne zai rufe shago ya sa shi a danfo, motar hayar Legas, ya kai shi asibiti, ya tsaya tsakaninsa da likita. Likita ya faɗa, ya juya wa mai ciwo da Hausa. Mai ciwo ya faɗa, ya juya wa likita. Shekara talatin da ɗaya yana Legas, sha ɗaya daga ciki yana wannan aikin. Ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Yana zaune a ƙarshen benci ya jiyo kukan tayar kura, irin ta masu ruwa. Bai ɗaga kai ba, ya san ko wane ne.

Salissou ne, Bagobirin Tibiri, mai sayar da ruwa a Isale Oja. Jarka goma sha biyu ya turo yana ɗingishi, ƙafar dama naɗe da tsumma, an ɗaura mata leda a kai saboda caɓi.

"Baba na kaina! Mai baki ukku! Ina kwana?"

"Lafiya lau, Bagobiri. Ya ƙafa?"

"Ƙahwa ta gode Allah. Ta ma bar ciwo, wallai. Jiya nit taka dutsi ban ji komi ba."

Sista Jinƙai tana naɗe wa wani mai nama hannu. Ta ɗago.

"Ba ka ji komai ba?"

"Ko ɗis, Madam. Ai sauƙi ya samu."

"Zo zauna nan."

Ya sa wa tayar kurar dutse, ya zo ya zauna ya miƙa ƙafar a kan kujerar roba. Ta sa safar hannu, ta kwance ledar, ta shiga warware tsumman a hankali. Tun kafin ta kai ƙarshe mai naman da ke kusa ya matsa zuwa ɗaya bencin. Mutumin da ya wuni cikin tumbi da hanji ne fa.

Baba Sunusi ya kalli layin dogo.

"Ya Yesu," Sista ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

Ta danna bayan ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta shafa sama zuwa idon sawu, ta ƙara sama kaɗan, ta tsaya.

"Salissou, an kai ka babban asibiti, ko?"

"An kai ni. Baba yak kai ni da kainai. Lokotoron ma Bayarabe ne, bawana ne. Nic ce Baba ya hwaɗa mishi ya duba ubangidanshi da kyau."

Masu jiran layi suka yi dariya. Kowa ya san wasan Gobirawa da Yarbawa.

Sista ba ta yi dariya ba.

"Me likitan ya ce?"

"Ya yi ta magana, ya yi ta magana, har nig gaji da kallon bakinshi. Baba ya ce cewa ya yi da sauƙi. A yi ta wankewa, a sha magani, a rage sukari cikin shayi."

"Duk wannan doguwar magana, fassararta ke nan?"

"Ai Turanci kumhwa gare shi, Madam. In an tace, kaɗan ka ragewa."

Aka sake dariya.

"Ina takardar da ya rubuta?"

"Tana wurin Baba. Ni mi zan yi da takarda, ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba."

Ta rufe ƙafar da sabon bandeji, sama-sama.

"Ka zauna nan. Kar ka sauke ƙafar nan ƙasa."

"Madam, Iya mai amala na jiran ruwa."

"Ta jira."

Ta cire safar hannun ta jefa a kwandon shara. Ta juyo.

"Baba, zo ka buɗe min shagonka, ina son ruwan zafi."

Akwai filas ɗin ruwan zafi a kan teburinta. Baba Sunusi ya gan shi. Ya miƙe ya bi ta.

A hanya ta yafito Naziru, shugaban ƙungiya, haihuwar Agege, yana cikin kwata har gwiwa. Ya fito ya ɗauraye ƙafa ya biyo su yana tambayar lafiya.

Shagon ɗan ƙarami ne: keke ɗaya, benci ɗaya, yadika rataye a igiya. Suna shiga ta janyo ƙofa.

"Baba, ba ni takardar."

"Wace takarda, 'yar nan?"

"Baba, ka haife ni. Kar ka sa in maimaita."

Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya zaro takardar. Gumin kwana goma sha shida ya jiƙa ta har ta yi laushi kamar ƙyalle. Ta buɗe a hankali don kar ta yage. Ta karanta, ta miƙa wa Naziru.

Naziru ya karanta. Ya koma sama ya duba kwanan wata.

"Baba, mene ne wannan?"

"Abin da ka gani."

"A'a, abeg, da bakinka nake son ji. Me likita ya ce?"

Baba Sunusi ya zauna a kan kujerar keke. Ya ɗora hular a gwiwa.

"Ya ce ciwon suga ne ya hana mikin warkewa. Ya ce yatsu biyu sun mutu, a dawo da shi ranar Talata a cire su."

"Wace Talatar?"

"Talata biyu sun wuce."

"Sai me kuma?" in ji Sista. "Akwai saura a takardar."

"Ya ce in aka wuce mako ɗaya, ba maganar yatsu za a yi ba. Ya nuna min wurin."

"Kai kuma ka ce wa Salissou da sauƙi."

"Na ce masa da sauƙi."

Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon shagon ya yi ta kaɗawa. Suka jira ya gama.

Naziru ya dafe kai. "Innalillahi. Baba, kai ne fa ka koya mana aikin nan. Shebi kai ka ce mai rakiya amana ce a wuyansa?"

"Ni na ce."

"To me ya faru?"

"Ba ku gane ba ne." Muryar Baba Sunusi ba ta tashi ba. "Kai a nan aka haife ka, Naziru. Ke kuma boko ya koya miki faɗin magana tsirara. Mu ba haka aka tashe mu ba. Ba a jefa wa mutum irin wannan magana a fuska, a gaban jama'a, a ɗakin da ko kujerar kirki babu. Ana bin ta a hankali ne. Yau a ɗan taɓa, gobe a ƙara."

"Ka taɓa?" in ji Sista.

Baba Sunusi ya juya hular a gwiwarsa.

"Shekarar da mahaifina ya rasu ina nan garin. Aka aiko wani ɗan garinmu direban tirela, ya same ni a shagon nan. Ya ce, Sunusi, jikin tsoho ya matsa, ana nemanka a gida. Alhali an binne shi da kwana biyu. Na hau mota da hankalina, na ci abinci a Jebba, na yi salla a Kontagora. Sai da na isa ƙofar gida na ga tabarmi na gane. Har gobe ina yi wa direban nan addu'a. Da ya faɗa min a nan, ban san yadda zan kai Ringim ba."

"Allah ya jiƙan tsoho," in ji Sista. "Amma Baba, shi ya riga ya tafi. Ɓoyewar ba ta ƙara masa ciwo ba. Wannan da ransa. Kullum ka ɓoye, abin hawa yake yi."

Baba Sunusi ya sunkuyar da kai.

"Na je wurinsa sau huɗu."

"Ka ce masa me?"

"Ran farko na tarar yana waya da matarsa, tana gaya masa an fara sharar gona. Ya ce mata ta ce wa ƙaninsa kar ya taɓa gonar fadama, shi zai nome ta da kansa. Na sha shayi na dawo. Na biyu na tarar ya sayi takalmin roba sabo, ƙafa biyu, yana nuna min. Na uku na kai masa magani. Na huɗu na tsaya a bakin lungu na hango shi yana tura kura yana waƙa, na juya."

"Baba..."

"Mutumin nan da ƙafa yake ci, Naziru. Nan ruwa, can gona. 'Ya'ya huɗu. Na ce bari in roƙi Allah tukuna, ko abin ya juya. Ba daren da ban roƙa ba."

Ku da kuke karantawa, kar wani ya yi saurin zagin dattijon nan, don dukkanmu haka muke. Ka je duba mai jinya yana numfashi da ƙyar, ka fito ka ce wa iyalinsa ai jiki ya yi kyau. Mun sa wa abin suna kara, mun sa masa suna tausayi. Wani lokacin tausayin ne. Sau da yawa kuwa kanmu muke tausaya wa, ba ma so a ce daga bakinmu mummunan labari ya fito. Addu'a kuma ba a hana kowa ba, amma ba a ce ka yi ta kana zaune a kan takardar likita ba.

Baba Sunusi ya san wannan. Tun ranar da ya juya a bakin lungu ya sani.

Naziru ya ninke takardar.

"Baba, wannan ne karo na farko?"

"Ban taɓa canza maganar likita ba. Sassautawa nake yi."

"Mutum nawa ka sassauta wa?"

"Ban ƙirga ba."

Naziru ya share fuska da gefen rigarsa.

"Wannan maganar zama ce. Gobe bayan la'asar za a yi ta, da dattawan ƙungiya. Yanzu ƙafa. Sista, me ya rage?"

"Ni ba likita ba ce, ba zan faɗi abin da ba hurumina ba. Amma kumburin ya wuce idon sawu, kuma jikinsa da zafi. Yau za a kai shi. Ba Litinin ba, ba gobe ba. Yau."

"Oya, bari in samo danfo. Ni zan gaya masa."

"Ba zai yarda da kai ba."

"Don me?"

"Ka ji yadda yake kiransa? Baba na kaina. Duk Agege maganar mutum ɗaya yake ɗauka. Ka ce masa za a yanke, ya ce maka Baba ya ce da sauƙi, ya tura kurarsa ya tafi. Ni ma in na faɗa, cewa zai yi Madam ta cika tsoro. Kuma ba a yi wa mutum aiki sai ya yarda ya dangwala hannu. Ba akuya ba ce da za a ɗaure a sa a mota."

Suka juyo su biyun suna kallon Baba Sunusi.

"Ku bar ni zuwa yamma," ya ce. "In ya gama aiki, ya ci abinci..."

"Baba." Sista ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kwana sha shida kana jiran ya ci abinci. Don girman Allah tashi."

Ya dube ta. Yarinyar nan sa'ar 'yarsa ta biyu ce.

"Kuma duka za ka faɗa," ta ce. "Ba rabi ba."

Ya mayar da hular kansa, ya dafa keke ya miƙe.

Da suka fito rana ta ɗaga. Naziru ya nufi bakin titi neman mota. Sista ta koma teburinta, mutum biyar na jiranta. Kujerar roba tana nan, ba kowa a kai.

Salissou ya riga ya cire dutsen daga tayar kura, ya kama hannun kurar yana shirin turawa.

"Salissou."

"Baba, minti goma. In kai ma Iya ruwanta in dawo. Matar nan in ta buɗe baki, har Oshodi ana jin ta."

"Saki kurar nan."

"Baba, ruwan..."

"Na ce ka saki."

Bai taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Salissou ya saki. Baba Sunusi ya kira ɗaya daga cikin masu kwashe kwata ya ce ya tura ruwan zuwa wurin Iya. Ya kama hannun Salissou ya ja shi can bayan rumfa, gindin wata katanga inda aka ajiye tsohon benci. Ba mai jin su a nan.

Suka zauna. Salissou ya miƙe ƙafar.

"Lahiya, Baba? Ko daga gida anka yi waya?"

"Gida lafiya."

"To alhamdu lillahi. Ka ba ni tsoro."

Baba Sunusi ya ɗora tafin hannunsa biyu a gwiwa.

"Salissou, ranar da muka je asibiti, abin da na gaya maka ba shi likita ya ce ba."

Salissou ya yi murmushi yana jiran ƙarshen wasan.

"Bai ce da sauƙi ba. Ni na ce."

"To shi mi yac ce?"

"Ya ce yatsun nan biyu sun mutu. Rashin ciwon da kake ji ba sauƙi ba ne, mutuwar wurin ce. Ya ce a dawo da kai a cire su."

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba. Ya ɗan tsaya a fuskar, kamar ya rasa inda zai je.

"A cire?"

"A yanke."

Salissou ya kalli bandejin. Ya yi ƙoƙarin motsa yatsun a ciki. Ya sake ƙoƙari.

"Yaushe yac ce a koma?"

"Talatar da ta biyo baya."

"Wadda munka sha shayi ni da kai?"

"Ita."

"Kana zaune kusa da ni."

"Ina zaune."

Salissou ya jinjina kai a hankali. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da Baba Sunusi ya fi samun sauƙi.

"Kwana nawa ke nan?"

"Sha shida."

"Kwana sha shidda ina shiga ruwan kwata da ita. Sawu takwas kullum." Ya juyo ya dube shi. "Baba, mi nai maka?"

"Ba ka yi min komai ba. Bakina ne ya kasa. Na ce ina tausayinka, ashe kaina nake tausaya wa. Na ci amanarka, Salissou. Ba zan ce ka yafe min yanzu ba, ba lokacinsa ba ne. Naziru ya tafi samo mota. Abin da nake roƙo, ka shiga."

Can wurin kwata wani ya zame ya faɗa, aka kwashe da dariya. Mai burodi ta wuce da tire a ka tana kiran masu saye. Salissou ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ya sauke numfashi.

"Bon," ya ce. "Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Akwai wani garinmu, gatari ya cire mai yatsa ukku, har yau shina noma, ya hi masu goma aiki." Ya ɗan yi dariya marar ƙarfi. "Yatsa biyu. Sai in riƙa cusa tsumma cikin takalmi. A yanke su, Baba. Mu tahi."

Ya dafa benci zai tashi. Sai ya tsaya, ya juyo.

"Yatsa biyu ne dai, ko Baba?"

Amsar tana nan a kan harshen Baba Sunusi, ba sai ya nemo ta ba. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a wurin. Ya ce eh kawai, mutumin ya shiga mota da ƙafarsa, a isa asibiti, sauran a ji a can. Har wani ɓangare na zuciyarsa ya ce masa hakan ne dabara: in ka faɗi sauran yanzu, wa ya ce zai shiga?

Ya waiga. Sista tana can ta ba su baya, tana wanke wa wata tsohuwa gwiwa. Naziru bai dawo ba. Ba mai kama shi.

To amma a can ɗin wa zai tsaya tsakanin Salissou da likita? Shi ne dai. A kan gado, da takarda a gaba, da tawada a yatsa.

"A'a," ya ce.

Salissou ya koma ya zauna.

"Maganar yatsu ta ran nan ce. Likita ya ce in aka wuce mako ɗaya, ba a yatsu za a tsaya ba. Mun wuce mako biyu. Ni na sa muka wuce."

"Har ina?"

"Sai ya sake dubawa yau. Mai yiwuwa..."

"Baba." Salissou ya ɗaga hannu. "Kar ka sake yi man mai yiwuwa. Har ina yac ce?"

Baba Sunusi ya sauka daga benci. Gwiwar da ta hana shi shiga kwata ya kai ƙasa, cikin laka, a gaban mai ruwa. Ya miƙa hannu a saman ƙafar, bai taɓa ta ba.

Hannun ya wuce yatsu.

Ya wuce bayan ƙafa.

Ya zo idon sawu. Salissou ya riƙe numfashi, yana jiran ya tsaya.

Bai tsaya ba.

Ya hau ƙwauri a hankali, sai da ya rage faɗin yatsa huɗu ya kai gwiwa. A nan Baba Sunusi ya sauke shi ya dafa.

"Nan ya nuna min."

Ƙahon mota ya tashi a bakin titi, sau uku. Danfo ne, ƙofa a buɗe, Naziru a tsaye a bakinta yana ɗaga hannu.

"Oya! Baba! Ku taho, mota ta samu!"

Salissou ya dafa katanga ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. Baba Sunusi ya yi wuf ya riƙe masa hannu don ya tallafe shi.

Salissou bai ko kalli inda danfon yake ba.

"Sakan man hannu, Baba."